Sa Hannun Zur a Takardar Kiranye: Wa Za a Tambaya?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a sashe na 69, ya bai wa talakawa iko su janye wakilinsu daga Majalisar Tarayya tun wa'adinsa bai cika ba, sashe na 110 kuma ya ba su irin wannan iko a kan 'yan majalisar jiha. Wannan hukunci, wanda 'yan jarida ke kira kiranye, ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin wakilci, domin malaman fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa wanda ya wakilta yana da ikon tuɓe wakilinsa idan amana ta gurɓace. Sai dai sharuɗɗan suna da nauyi: wajibi ne fiye da rabin masu rajistar zaɓe na mazaɓar su sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta INEC ta tantance hannayen, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Tun 1999 har yau babu ɗan majalisa ko ɗaya da aka tuɓe ta wannan hanya.

Jihar Kogi ce ta nuna mana yadda al'amarin yake a aikace. A shekarar 2017 wasu mutanen Kogi ta Yamma suka kai wa hukuma koke a kan Sanata Dino Melaye, bayan an sha ja-in-ja a kotuna kuma aka sa ranar 28 ga Afrilu, 2018 domin duk wanda ya sa hannu ya zo rumfar zaɓensa ya amsa cewa hannun nasa ne. Hannaye 189,870 ne a takardar, cikin masu rajista 351,146, watau a bisa zahiri an haye rabi. Amma da aka yi kira mutum 20,868 kaɗai suka bayyana, waɗanda aka tabbatar a cikinsu kuwa 18,742 ne, kashi 5.34 cikin ɗari ke nan na masu rajista. Bayan shekara bakwai, a watan Maris na 2025, aka sake kai koke a kan Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya, hukuma ta ƙirga ta sami hannaye 208,132 cikin masu rajista 474,554, ta ce an gaza da 29,146, saboda haka ta rufe maganar ba tare da an kai ga tantance ko da hannu ɗaya ba.

Adalci ya hana mu ce duk wanda bai fito ranar tantancewar koken Melaye ba hannunsa na jabu ne, domin akwai wanda tsoro ya zaunar da shi gida, akwai wanda ya sake shawara, akwai wanda fatauci ko rashin lafiya ya nisanta da rumfarsa. Amma idan mutum tara cikin goma suka ɓace a rana guda, alhali mai hannu a kowane layi an ce ya rubuta sunansa da lambar katinsa da yardarsa, to, hankali ba zai natsu da uzurin ba, sai an yi bincike an rarrabe wanda ya ƙi zuwa da wanda tun farko bai san an rubuta shi ba. Su ma fiye da dubu biyun da suka zo da ƙafarsu amma ba a tabbatar da su ba, ya kamata a bayyana wa jama'a dalili.

A nan ne nake ganin illar take. Sa hannu a takardar kiranye shahada ce, mai ita yana shaida cewa ya yanke ƙauna daga wakilinsa. Alƙalanmu na da ba sa karɓar shahada sai bayan tazkiyya, watau sai an binciki adalcin mai shaida, kuma wanda aka kama da shaidar zur, wadda malamai suka lissafa cikin manyan zunubai, ba a cewa ya tashi ya tafi don kawai shaidarsa ba ta ci ba; ana yi masa ta'aziri, a shelanta shi, a daina karɓar bakinsa. Mu kuwa abin da muka saba gani shi ne a karanta alƙaluma, a ce koke ya faɗi, sanata ya koma kujerarsa, masu koke su koma gidajensu, dukiyar baitulmali da aka kashe wajen tura ma'aikata rumfuna ta tafi ke nan. Wanda ya san cewa iyakar hasararsa ita ce takardarsa ta faɗi, me zai hana shi gobe ya kwafe rajistar masu zaɓe ya dangwala musu yatsa?

Cutarwar tana da fuska biyu. Ta farko, kiranye ya zama makami a hannun masu mulki da masu dukiya, su razana duk wakilin da ya ɗaga musu murya, su shagaltar da shi da kotuna. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce ranar da talakawa za su taru da gaskiya su nemi tuɓe wakilin da ya ci amanarsu, babu mai gaskata su, domin ɓera ya riga ya ja wa daddawa zargi.

Saboda haka ina kira ga Majalisar Tarayya da hukumar zaɓe da abu uku. Na farko, duk wanda ya jagoranci koke ya yi rantsuwa a gaban kotu cewa hannayen da ya kawo sahihai ne, ya ɗauki alhakinsu. Na biyu, a kafa sunayen a kowace rumfa na wasu kwanaki, domin wanda ya ga sunansa ba da saninsa ba ya kai ƙara. Na uku, ko koke ya ci ko ya faɗi, a binciki hannayen da aka yi shakka a kansu, a gurfanar da wanda ya ƙirƙire su, domin jabun takarda laifi ne a dokokin ƙasar nan tun da daɗewa.

Kai kuma mai katin zaɓe, kada ka miƙa lambar katinka ga wanda ya zo da alkawarin tallafi sai ka karanta abin da ke saman takardar, ko ka sa amintacce ya karanta maka, domin abin da aka rubuta da sunanka kai za a tambaya a kansa.