Ciwon Haƙorin Wanda Ba Ya Iya Faɗa: Hakki Ne a Wuyan Masallata



Ƴan'uwa masallata, a kowace unguwa ta Yamai, daga Bukoki har Harobanda, akwai gidan da ke riƙon mai lalurar ƙwaƙwalwa, ko mai farfaɗiya, ko mai amosanin jini. Muna yi musu addu'a, amma kaɗan ne cikinmu suka taɓa tambayar halin da bakinsu yake ciki. Ra'ayina shi ne, kula da haƙoran waɗannan bayin Allah tun kafin su ruɓe farilla ce ta kifaya, wadda in aka rasa mai yi, laifin ya hau kan kowa.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Mai lafiya in haƙori ya dame shi sai ya faɗa, a cike ramin ko a cire. Yaron da ba ya magana kuwa sai dai ya ƙi abinci, ya yi ta kuka, a ce iska ce. Wani maganin farfaɗiya yana kumbura dasashi, magungunan ruwa masu zaƙi kuma suna cin haƙori. Ranar da kunci ya kumbura, zazzaɓi ya rufe shi, sai a kwashe shi da dare zuwa sashen gaggawa na Babban Asibitin Ƙasa ko na Lamorde. Ruwan ƙurjin haƙori yana iya gangarawa wuya ya toshe numfashi, ga mai amosanin jini kuma yana iya tayar da ciwonsa.

A nan kuɗi ke ninkuwa. Wanda ba ya iya zama shiru ya buɗe baki, sau da yawa sai an sa shi barci a ɗakin tiyata. Kafin nan akwai awon jini, ga takardar magani, ga kwanan asibiti, ga taksi, ga aikin yini da uba ya rasa. In aka tsaya ga allura da maganin zafi aka koma gida, ruɓaɓɓen haƙorin yana nan, kuma zai sake tashi.

Wani zai ce ai gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi tun Satumba 2024, yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuma an yafe musu kuɗin magani tun 2006. Gaskiya ne, kuma abin godiya ne. Sai dai naƙasasshe ba ya warkewa ranar da ya cika shekara 5, kuma rabin kuɗi mai yawa nauyi ne ga magidancin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi, jika 42 a wata.

Ku tuna Suratu Abasa ta sauka ne kan makaho, Abdullahi ɗan Ummu Maktum. Addinin da ya ɗaukaka shi haka, ya kuma kwaɗaitar da asuwaki a kowace salla, bai yarda mu bar wanda hannunsa ba ya riƙe asuwaki ya ruɓe a ɗaki ba.

Ga abin yi. Kwamitin masallaci ya san gidajen nan cikin sirri, ba tare da tozarta kowa ba. A ware wani kaso na sadakar Juma'a don kai su wurin likitan haƙori aƙalla sau ɗaya a shekara, domin cike rami ya fi tiyata araha nesa ba kusa ba. Mai zakka ya danƙa ta hannun mabuƙacin ko waliyyinsa, tunda matalauta ne farkon waɗanda aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata. Mai mota ya ba da lambarsa saboda dare. Iyaye kuma ku goge musu baki safe da dare. Kanumfari yana kwantar da zafi, amma ba ya kashe ƙurji. In kun ga kumburi da zazzaɓi, kada ku jira gari ya waye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da Aljanna. Amin.