Kimiyya A Cikin Gida: Kada A Ɗora Wa Kuntuku Aikin Tambari

Wata wasiƙa ta zo mani daga wani mai karatunmu a Gusau, wanda ya ce ya kashe kuɗi masu yawa ya sayi na'urar sauti ta kallon fim a gida, watau wadda 'yan kasuwa su ke kira hom tiyata, mai lasifika biyar da wufa ɗaya. Ya ce tun ran da ya haɗa ta bai ji daɗinta ba. In ana magana a fim sai ya kasa kunne sosai kafin ya gane abin da a ke faɗi, in kuwa aka yi harbi ko mota ta faɗi sai tagogi su kama rawa. A watan jiya kuma lasifikarsa ta tsakiya ta soma wata ƙara kamar ana yaga takarda. Yana tambaya ko jabu aka sayar masa.

Malam, kafin ka koma wa mai kanti da faɗa, bari ka ji abin da ya same ni. Shekara biyu ke nan da na sayo irin wannan na'ura, ta hannu, a kasuwar Alaba ta nan Ikko. A bene na ke zaune a Agege, ƙasana kuwa wani dattijo ne mai fataucin shanu, tare da iyalinsa da mahaifiyarsa tsohuwa wadda ba ta da lafiya. Wani dare ina cikin kallo sai ga shi ya yi sallama. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, kada ka kashe, bar shi yadda ya ke, sauko ka ji abin da mu ke ji." Na bi shi. A ɗakin nan babu muryar ɗan wasa, babu kiɗa, sai wani gurnani da ke saukowa daga rufi, kwanonin da aka jera a kabad suna ta karkarwa, tsohuwa kuwa tana zaune bakin gado ta dafe kai. Na ce, "Baba, a gafarce ni." Kunyar wannan dare ita ta sa na nemo littafin bayanin na'urar na zauna na karanta, sa'an nan na gane da hannuna na ɓata ta.

Sauti dai kaɗawar iska ce, kuma ana auna shi da yawan kaɗawa cikin daƙiƙa ɗaya, ma'aunin da a ke rubutawa Hz don tunawa da masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz. Kunnen yaro mai lafiya yana jin daga 20 Hz zuwa wajen 20,000 Hz. Ƙaramin adadi shi ne sauti mai kauri irin na tambari ko tsawa, babban adadi kuwa siririn sauti ne irin na sarewa. To, ga inda gizo ke saƙar. Duk sa'ad da adadin ya ragu da rabi, sai faifan lasifika ya yi motsi ninki huɗu kafin ya ba da ƙarfin da ya ke bayarwa dā. Faifan da ke fitar da 160 Hz cikin sauƙi, in aka ce ya fitar da 40 Hz da wannan ƙarfi, motsi ninki 16 a ke nema gare shi. Ƙaramar lasifika mai faifan inci 4 ba ta da wannan fili. Sai ta yi ta fama, maganar da ya kamata ta fitar ta dagule, waya ta yi zafi a cikinta, wata rana ta ƙone ko faifan ya yage. Ko a wurin makaɗa, kuntuku aikinsa daban, ba a sa shi ya yi amon tambari.

Domin haka ne aka sa wata mararraba a cikin risiba, watau akwatin nan da dukan wayoyi ke shiga cikinsa. A jerin saitin da ke fitowa a talabijin an rubuta ta Crossover. Aikinta ta tsaya a kan wani adadi, abin da ya fi shi siranta ta bar wa lasifika, abin da ya fi shi kauri ta tura wa wufa, wadda don wannan aiki aka ƙera ta da babban faifai da amfilifayarta ta kanta. Amma mararrabar ba ta aiki sai an gaya wa risiba cewa lasifikar ƙarama ce. Kowace lasifika za ka ga an ba ka zaɓi biyu a kanta, Small ko Large.

A nan na faɗi, kuma ina zaton nan yawancinmu mu ke faɗuwa. Mutum ya ba da kuɗinsa ya sayi lasifika mai tsawon ƙugu, ina zai yarda ya rubuta mata "ƙarama"? Sai ya danna Large, yana ganin ya ba ta girmanta. Alhali kalmar ba ta da ruwa da girman akwati. Ma'anar Large ita ce a aika wa wannan lasifika dukan sauti har zuwa ƙasa, kada a rage mata kome. Lasifikar da za ta iya wannan kaya kaɗan ce ƙwarai, kuma ba a kowane falo a ke samunta ba. Ni dai shawarata, in kana da wufa, ka sa dukan lasifikunka a Small, har manyan na gaba.

Adadin da za ka fara da shi 80 Hz ne. Wannan ma'auni ya bazu ne daga tsarin THX, wanda kamfanin Lucasfilm na Amurka ya kafa a 1983 bisa aikin injiniya Tomlinson Holman, da fari don gidajen sinima, daga baya don kayan gida. Hikimarsa ita ce ƙasa da wajen 80 Hz kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito, saboda haka ko wufa tana gefe, za ka ji kamar daga allon talabijin gurnanin ke fitowa. In lasifikunka 'yan mitsi-mitsi ne, irin masu kamar gwangwanin madara, to ɗaga zuwa 100 ko 120 Hz, gwargwadon abin da aka rubuta a takardarsu cewa suna iya kaiwa, ka ɗan ƙara a kai. Sai dai wannan yana da tasa hasara. Muryar namiji baligi tana farawa ne daga wajen 85 Hz, don haka in mararraba ta yi sama da yawa sai ka ji gindin muryar mutum yana fitowa daga lungu, bakinsa kuwa yana kan allo. Maganin wannan shi ne a ajiye wufa a gaba, kusa da talabijin.

Akwai wani saiti da ke rikita mutane, wanda aka rubuta LFE. Tun da Dolby Digital ya shiga sinima a 1992 da fim ɗin Batman Returns, a kan ware hanya guda ta musamman don fashewar bom da tsawa da girgizar ƙasa. Ita ce ɗigo ɗaya ɗin nan na 5.1. Tana ɗauke da sauti har zuwa 120 Hz, kuma risiba da kanta ta ke ƙara mata desibel 10. In ka ga adadi a gaban LFE, bar shi a 120, domin ba shi ne mararrabar lasifiku ba. Sa'an nan ka nemi wani zaɓi da ke aika sauti mai kauri ga manyan lasifiku da wufa gaba ɗaya. Denon na kiransa LFE+Main, Yamaha Extra Bass, Onkyo kuma Double Bass. Nawa a kunne na same shi, ko kuwa in faɗi gaskiya, ni na kunna shi don sunan ya burge ni. Kashe shi. A bayan wufar kanta kuma akwai mamurɗi mai adadi, murɗa shi zuwa ƙarshe, ko ka sa waya a ramin da aka rubuta LFE, don kada a tace sauti sau biyu.

Duk wannan rabin aiki ne, sauran rabin ɗakinka ne. Sauti na tafiya wajen mita 343 cikin daƙiƙa, saboda haka zangon 40 Hz ya kai mita 8 da rabi, ya fi yawancin falukanmu tsawo. In ya bugi bango sai ya dawo ya gamu da wanda ke tafe, a wani wuri su haɗu su yi ƙarfi, a wani wuri su kashe juna. Falo mai tsawon mita 4 yana da irin wannan amsa-kuwwa a wajen 43 Hz: jikin bango tana da ƙarfi ƙwarai, tsakiyar ɗaki kuwa kamar babu. Gine-ginenmu na bulo da siminti da daɓen tayil sun fi na katako mayar da sauti, don haka abin ya fi tsanani a wurinmu. Ashe kujerata a tsakiyar falo ta ke, daidai inda gurnanin ke mutuwa. Ni ina ta ƙara ƙarfi don ban ji, shi kuwa yana bin bango da daɓe yana sauka kan tsohuwa, domin sauti mai kauri ya fi siriri ratsa gini.

Dabarar neman wuri mai sauƙi ce, ko da ya ke iyali za su yi maka dariya. Ɗauki wufa ka aza a kan kujerar da ka ke zama, ka sa kiɗa mai gita bes da ke maimaita kansa, sa'an nan ka yi rarrafe kana bin gefen bango. Inda ka ji kowane bugu ya fito daidai da ɗan'uwansa, babu wanda ya yi kumburi, babu wanda ya ɓace, nan za ka ajiye ta. Lungu yana ƙara ƙarfi, amma sau da yawa ƙarfin na hayaniya ne. Bayan haka sai maɓallin Phase mai 0 da 180. Zauna a kujerarka, wani ya riƙa juya shi, ka bar shi inda sautin ya fi cika. In a bene ka ke, sa roba mai kauri ko nannaɗaɗɗiyar darduma ƙarƙashin akwatin. Ba ta hana duka, amma tana rage abin da ke shiga daɓe kai tsaye.

Risibobin zamani suna zuwa da ɗan makirfo na awo: Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer. Ka yi amfani da shi, amma a lokacin da gida ya yi tsit, babu fanka, babu janareta, makirfon kuma yana daidai tsayin kunnenka, mamurɗin ƙarfin wufa yana wajen rabi ko ƙasa kaɗan. In ya gama ka duba aikinsa. Wani lokaci yakan ce lasifikar da ke jingine da bango Large ce, ko ya ba ta 40 Hz, sai ka mai da ita Small da 80. Ɗagawa babu laifi, amma kada ka sauke ƙasa da abin da ya auna. In kuma ya ce nisan wufa ya fi abin da tef ɗinka ya nuna, ƙyale shi, jinkirin da ke cikin amfilifayarta ya lissafa.

Ga mai sayen kayan hannu, a duba bayan akwati kafin a jona. Wutarmu 230 ce, ta Amurka 120, kuma wufa da yawa sun ƙone a daren farko don rashin taransifoma mai rage wuta.

Malam na Gusau, game da lasifikarka ta tsakiya, kashe na'ura ka cire ragar gabanta, ka danna faifan a hankali da yatsu. In ka ji yana gogar wani abu a ciki, wayar ta riga ta ƙone, sai mai gyara ya sake naɗa ta. In kuwa yana tafiya sumul, mai yiwuwa kaya ne kawai ya yi mata yawa: sa ta a Small, ka ba ta 100 Hz, ka ƙara mata desibel 2 don magana ta fito. Ni da na gama nawa saitin, na sa fim ɗin nan na daren farko, na sauka na yi sallama. Baba ya ce in shiga in ji da kaina. Kwanoni suna nan shiru, ko da ya ke in an yi babbar fashewa har yanzu ana ɗan jinta a rufi, don haka mu ka yi da shi cewa bayan sallar lisha zan riƙa kashe wufa ɗungurum.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba gunjin nan da wufa ke yi ko ba a sa kome ba, da yadda wayar dikoda ke jawo shi.