A Bar Saiwa A Ƙasa, A Ɗebi Iri

A tsaunukan ƙasar Jordan, wajen Madaba da Karak, akwai wani fure da Larabawa ke kira sausan, Turawa kuwa su ce ayiris. Launinsa ya yi duhu har ana ce masa baƙi, kuma shi ne furen da ƙasar ta ɗauka ya zama alamarta. Yakan buɗe a watannin Maris da Afrilu, sa'an nan ganyen ya bushe, saiwar ta kwanta cikin ƙasa har zafin rani ya wuce. Gine-gine da garma da bakin awaki sun ci yawancin wuraren da yake fitowa.

Waɗansu masu kyakkyawar niyya sukan ce mafita ita ce a tone saiwar, a kai ta lambu, a yi ta rarrabawa. Mu dai ba mu yarda ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 fatake ke tone saiwoyin dangin wannan fure suna kai su Turai, inda danshi ya ruɓar da mafi yawansu. Tsauni ya yi hasara, lambu bai samu ba.

Ko da saiwar ta rayu, da sauran rina a kaba. Duk wanda ya taɓa dasa rogo ko rake ya san abin da aka yanka daga uwa ɗaya, uwar ce ta sake fitowa. Shi kuwa wannan fure ba ya yin 'ya'ya da garin barbarar kansa, sai an kawo masa na wani tsiro dabam. Masu kawowar kuma abin mamaki ne: mazajen wani irin ƙudan zuma da ba ya zaman amya. Furen ba shi da ruwan zaƙi da zai ba su, masauki kawai yake bayarwa. Da almuru su shige cikinsa su kwana, da safe su fita da garin a jikinsu. Saboda haka tsiro ɗari da aka raba daga saiwa guda, komai kyawunsu, ba za su bar zuriya ba.

Iri ne ke ɗauke da bambancin da zai sa wani tsiro ya jure fari, wani ya tsira daga cuta. Aibinsa ɗaya, ba ya sauri. Ƙwayar tana iya kwana shekaru cikin ƙasa ba ta tsiro ba, har masu renon sukan ɗan yanke bakinta don su farkar da ita, kuma daga tsirowa zuwa fure sai a shekara uku ko fiye.

A nan ne batun ya shafe mu da za mu zauna a ofis gobe. Jami'in da ake jira ya kawo rahoto a ƙarshen shekara, saiwa zai so, domin ita ce za ta ba shi hoton fure da wuri. Muna ganin wajibi ne a ba irin wannan aiki kuɗi na shekaru masu yawa, a ɗebi iri kaɗan daga tsirrai da dama, a rubuta inda aka samo kowanne. Lambun tsirrai na masarauta da Gimbiya Basma bint Ali ta kafa a Tal al-Rumman a 2005 domin kiyaye tsirran ƙasar aka yi shi. Amma abin da aka rena a can sai an mayar da shi tsaunin da ƙudan ke kwana, an kuma zauna da makiyaya an daidaita watannin da za a kau da awaki daga wurin.