Shawarar Wata: Fitilar mota mai kashe ido

Ƴan uwa, yanzu masu motocin kasuwa irin Hilux suna cire tsohon ƙwan fitila, su sa na LED. Haskensa fari ne, ba ya shan batir da yawa.

Amma a kula. Gidan fitilar don tsohon ƙwai aka ƙera shi. In ba a daidaita sabon ba, hasken yakan watse, ya kashe idon mai amalanke ko makiyayin da ke tahowa da shanu.

Direba, da dare tsai da mota a shimfiɗaɗɗen wuri, mita 10 daga bango. Kunna ƙaramar wuta. In hasken ya wuce tsayin fitilar, makaniki ya sunkuyar da ita. Kana gani, bari na gabanka ma ya gani.