Yaƙin Cikin Waya: Abin Da Ke Tara Samarin Zonkwa Huɗu-Huɗu

Wanda duk ya ratsa ta Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna, da yamma liƙis, ba abin mamaki ba ne ya iske samari huɗu a kan benci ɗaya a bakin shagon mai cajin waya, kowa ya duƙar da kai, manyan yatsu na ta kai da komo. Can sai ɗaya ya ɗaga murya ya ce, "Ga shi nan bayan dutse!" Wani ya ce, "Zo ka tashe ni, an kayar da ni!" Baƙo sai ya waiga a firgice, alhali kuwa babu dutse, babu wanda ya faɗi. Yaƙin duka a cikin waya yake.

Wasannin da ke jawo wannan hayaniya uku ne suka fi suna. Akwai PUBG, wanda wani mutumin ƙasar Ailan mai suna Brendan Greene ya tsara tare da wani kamfani na Koriya ta Kudu, ya fito a kwamfuta cikin 2017, sa'an nan ya sauko wayar hannu cikin 2018. Akwai Free Fire na kamfanin Garena da ke Singafo, wanda ya fito a ƙarshen 2017, ya kuma samu karɓuwa wajen talaka domin ko waya mai araha tana iya ɗaukarsa. Na uku shi ne Call of Duty: Mobile na kamfanin Activision na Amurka, wanda ya fito ran 1 ga Oktoba, 2019, ba a cika mako ba sai da aka sauke shi sau miliyan 100.

Ga yadda wasan yake a PUBG. Ana zuba mutum 100 cikin jirgin sama, watau ƙungiya 25 ke nan idan huɗu-huɗu ne, jirgin ya ratsa ta kan wani tsibiri mai faɗin kilomita 8 ta kowane gefe. Kowace ƙungiya ta zaɓi inda za ta dira da laima. Kowa hannu rabbana yake sauka, sai ya bi gidaje yana tsintar bindiga da harsashi da sulke da hular kwano da magani. Bayan ɗan lokaci sai a zana da'ira a kan taswira, wanda ya tsaya a wajenta ƙarfinsa ya riƙa zurarewa har ya mutu. Da'irar nan tana ta tsukewa, tana kora jama'a wuri guda, har ya zamana ƙungiya ɗaya tak ta rage. Abin yakan ci kamar rabin awa. A Free Fire kuwa mutum 50 ne, kuma cikin minti 10 ko kusa da haka an gama.

To, a ina daɗin yake? Wanda bai sani ba zai ce harbi ne kurum. Masu yi sun san cewa gwanin harbi shi kaɗai ba ya kai labari. Idan aka harbi mutum a wasan ƙungiya, ba nan take yake mutuwa ba, faɗuwa yake yi yana rarrafe, kuma abokinsa na iya zuwa ya tashe shi. Nan ne ake gane kan mutum. Wani zai jefa gurnetin hayaƙi ya rufe wa abokan gaba ido ya ja ɗan'uwansa, wani kuwa zai bar shi ya tafi kwasar ganima. Ƙungiyar da ta san abin da take yi takan raba aiki: ɗaya ya hau tudu da bindiga mai madubin hangen nesa, ɗaya ya tuƙa mota, ɗaya ya riƙe magani, ɗaya ya karanta taswira ya ce a tashi ko a laɓe. Hatta kunne yana da nasa aiki, gama da ƙarar takun ƙafa ake sanin ta ina maƙiyi ya ɓullo. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya taso a ƙasar nan. A wasan langa akwai ruwa, wanda sauran yara ke kāre shi har ya kai masha. A farautar gayya akwai masu kora da masu tare hanya. Abin da ya sāke shi ne dandali ya koma cikin gilashi, kuma abokin karawar yana iya kasancewa a Kano, ko Alƙahira, ko Istambul.

Amma fa Zonkwa ba kamar kowane gari ba ce a kan maganar bindiga. Mutanen wannan yanki sun ga rikicin Kafanchan na 1987, sun ga na Zangon Kataf na 1992. Cikin watan Afrilu na 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, Zonkwa da Kafanchan na daga cikin garuruwan da suka fi jin jiki, a tarzomar da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce ta ci rai fiye da 800 a jihohi 12 na Arewa. Jaririn da aka goya aka shiga daji da shi a wannan dare, shi ne saurayin da ke riƙe da waya a yau. Saboda haka idan uwa ta ji ƙarar harbi na fitowa daga ɗakin ɗanta gabanta ya faɗi, ba wanda ya isa ya ce mata ƙauyanci ne.

Ba ita kaɗai ke da wannan fargaba ba. Majalisar Iraƙi ta haramta PUBG cikin 2019, haka ma Jodan a wannan shekara. A ƙasar Sin, cikin 2019, an musanya shi da wani mai kama da shi wanda ba a nuna jini. Da aka sa shi cikin Wasannin Asiya da aka yi a Hangzhou cikin 2023, sai aka cire harbin mutum ɗungum, aka bar tseren mota da harbin bārā.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana cikin 2020 cewa babu isasshiyar hujja da za a ɗora laifin ta'addanci a kan irin waɗannan wasanni, ko da yake ta amince suna iya ƙara wa mutum ɗan zafin rai. Tarihi ma ya goyi bayan haka, domin a 1987 da 1992 babu wayar hannu a Zangon Kataf, balle wasa a cikinta. Abin da ya hura wutar can, rigimar ƙasa ce da sarauta da siyasa da rashin adalci. Har ila yau, wasan ba ya tambayar mutum addininsa ko ƙabilarsa. Bajju da Atyap da Bahaushe da Bafulatani suna iya haɗuwa a ƙungiya ɗaya, da Hausa suke kiran juna, kuma wanda ya faɗi ba ya duba sunan wanda ya zo tashinsa.

Haɗarin da ya tabbata yana wani wuri dabam. Na farko lokaci. Cikin 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtuka, watau inda mutum ya kāsa dainawa har karatunsa da sana'arsa da zumuncinsa suka lalace, aka kuma ɗauki kamar wata 12 ana haka. Na biyu kuɗi. Wasan kyauta ake saukewa, amma data ba kyauta ba ce, balle tun da hukumar sadarwa ta ƙasa ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairu na 2025. Ga kuɗin caji inda babu wuta, ga kuma tufafi da adon bindiga da ake saye da kuɗi na gaske a cikin wasan. Gidan da ya dogara da noma, musamman bayan annobar da ta cinye citta a Kudancin Kaduna cikin 2023, ba shi da rarar da zai zuba a rigar da ba a sawa a jiki.

Saboda haka fasa waya ba magani ba ne, sakaci ma ba magani ba ne. Abin da ya fi shi ne uba ya zauna kusa da ɗansa ko sau ɗaya ya ga abin da yake yi, ya san da wa yake magana, ya yanka masa lokaci, ya kuma tambayi inda kuɗin data ke fitowa. Samari kuwa su tuna cewa a cikin waya ne kawai wanda ya mutu yake tashi ya sāke sabon zubi. Idan sun koyi komawa baya domin ɗauko ɗan'uwan da ya faɗi, to, su fito da wannan hali waje, gama Zonkwa ta fi tsibirin nan bukatarsa. Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.