Sharhi: Shan Mai da Kafe Babur a Kende da Kewayenta

Babur shi ne abin hawan da harkokin yau da kullum suka rataya a kansa a Kende da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Bagudo ta jihar Kebbi. Shi ke kai manomi fadama, shi ke fito da buhun shinkafa da na albasa zuwa bakin titi, shi ke kai mara lafiya asibiti, kuma da shi 'yan kabu-kabu ke zirga-zirga tsakanin Bagudo da Ka'oje da Illo da Lolo da Tsamiya, har bakin iyakar Jamhuriyar Benin. Idan ana maganar haɗarin babur, hankali yakan tafi ga gudu da karo a kan hanya. Amma akwai haɗari iri biyu da ke samun babur yana tsaye wuri ɗaya, wato lokacin zuba masa mai da lokacin kafe shi. Su biyun a haɗe suke, domin ba a shan mai cikin aminci sai an fara kafe babur daidai.

Yadda fetur ke isa ga mai babur a wannan yanki ya bambanta da na manyan birane. Gidajen mai ba su da yawa, tsakaninsu kuma da nisa, saboda haka 'yan bumburutu masu sayarwa a kwalba da galan ne ke cike giɓin a ƙauyuka da bakin kasuwanni. A watan Nuwamba na 2019, lokacin da iyakokin ƙasa ke rufe, Hukumar Kwastam ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin tazarar kilomita 20 daga iyaka, abin da ya ƙara tura jama'ar bakin iyaka wajen masu jarka. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta wuce naira 1,000. Tsadar ta sa ana sayen mai kaɗan-kaɗan, sau da yawa a rana, kuma duk buɗe tanki wata dama ce ta tashin wuta. A tsallaken iyaka ma fetur na kwalba, wanda mutanen Benin ke kira kpayo, shi ne abin da akasarin masu babur ke sha. A ranar 23 ga Satumba, 2023, gobara ta tashi a wani rumbun ajiye irin wannan mai a Seme-Krake da ke kudancin Benin, ta halaka mutum sama da 30.

Abin da ke kamawa da wuta a fetur shi ne tururinsa. Fetur yana fitar da tururi mai iya ci da wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a Kebbi, inda zafin Maris da Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. Tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama ya watse nan take. Yakan bi ƙasa, ya taru a rami ko ƙarƙashin benci, ya kai ga murhun mai shayi ko garwashin mai tsire da ke 'yan taku kaɗan daga wurin. Idan ya kai kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tayar da shi. Ƙirar babur kuma ta sa lamarin ya fi na mota tsanani. Tankinsa yana zaune kai tsaye a kan inji, fulogi da wayarsa na ƙarƙashinsa, bututun salansa mai zafin ɗaruruwan digiri na nan kusa, mahayi kuwa ya rungume duka wannan da cinyoyinsa.

Saboda haka matakin farko na shan mai shi ne kashe inji da cire makulli. Inji mai aiki yana aika wuta zuwa fulogi sau da dama a kowace daƙiƙa, kuma wayar da ta tsage tana fitar da tartsatsi a fili. Mataki na biyu shi ne sauka, fasinja ya fara, sannan mahayi. Al'adar zama a kan babur ana zuba mai ta yaɗu ƙwarai, musamman a tsakanin 'yan kabu-kabu masu saurin komawa layi, kuma ita ce mafi muni a cikin kurakuran. Idan mai ya tumbatsa, a kan cinya da wando yake zuba. Idan wuta ta kama, mahayin da ke riƙe da nauyin babur da ƙafafunsa ba ya iya tserewa sai ya saki babur, babur kuma ya faɗi da tanki a buɗe, man ya malala a ƙasa wutar ta bi shi. Yaron da aka ɗora a kan tanki da macen da ke goye da jariri su ne suka fi cancanta a nisantar da su kafin a buɗe murfi.

Bayan an sauka an kafe babur a wuri mai lebur, sai a buɗe murfin tanki a hankali. A gidan mai, bakin famfo ya taɓa ƙarfen bakin tanki har a gama. Dalili shi ne gudun mai a cikin tiyo yana tara irin wutar da ke tartsatsi a jikin tufa lokacin hunturu, kuma haɗuwar ƙarfe da ƙarfe tana sauke ta ba tare da tartsatsi ba. Saboda wannan dalilin ne ake ajiye jarka a ƙasa kafin a cika ta, ba a bar ta ɗaure a bayan babur ba. A wajen mai kwalba kuwa, mazurari wajibi ne, kuma ƙyalle mai tsabta a bakinsa yana tare yashi da tsatsa, waɗanda ke toshe kafireta. Ruwa ya fi fetur nauyi, yakan kwanta a gindin kwalba, don haka a ɗaga ta a duba kafin a juye. Sigari da ashana da aci-bal-bal ba su da wuri a kusa. Da dare a haska da tocila. Waya kuma a bar ta a aljihu, domin babban laifinta shi ne ɗauke hankali a lokacin da ido ya kamata ya tsaya a bakin tanki.

Ba a cika tanki har baki. Fetur yana kumbura da kusan kashi 1 cikin 1,000 a kowane digiri ɗaya na ƙarin zafi. Tankin Bajaj Boxer yana ɗaukar kimanin lita 11. Idan aka cika shi taf da man da ya fito daga tankin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi, aka bar babur a rana har man ya ƙaru da digiri 20, ƙarin zai kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na lita, kuma ba shi da mafita sai ta ƙaramar kafar iska da ke jikin murfi, daga nan ya gangaro kan inji. Iyakar cikawa ita ce ƙasan wuyan tanki. Idan mai ya zuba, a rufe murfi, a goge, a tura babur da hannu zuwa gefe, a jira ya bushe kafin a tayar. Tsumman da aka goge da shi kada a cusa shi a ƙarƙashin kujera.

Zuƙar fetur da baki ta tiyo, don a ɗebi na injin ban ruwa ko janareta daga tankin babur, tana da nata haɗarin. Ɗan abin da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya jawo kumburin huhu mai tsanani. Haka ma ajiye fetur a gorar lemo ko ta ruwa a cikin gida, inda yaro zai ɗauka ya sha. Wanda ya haɗiyi fetur ba a sa shi amai, domin aman ne ke kai man ga huhu. Asibiti ake kai shi.

Kafe babur kuwa ya dogara ne a kan ƙafa biyu da masu ƙira suka sa masa, ta gefe da ta tsakiya, kowace da aikinta. Ƙafar gefe tana hagu. Idan aka sauke ta, babur yakan karkata ya tsaya a kan wurare uku, tayoyi biyu da ƙafar, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Wannan tsayuwa tana da faɗi, shi ya sa ta fi dacewa da gajeren tsayawa da ƙasar da ba ta daidaita sosai ba. Rauninta biyu ne. Na farko, idan babur ya gangara gaba ko da taƙi ɗaya ne, ƙafar takan naɗe ya faɗi. Maganin haka shi ne a tura ta har ƙarshe, a bar babur a giya ta ɗaya, a juya kansa hagu, a kan gangare kuma a sa shi ya fuskanci tudu. Na biyu, tafinta ƙarami ne, yana nutsewa a rairayi da laka da kwaltar da rana ta tausasa. A ƙasar fadama irin ta Kende, musamman da damina, babur kan tsaya daram da farko, bayan 'yan mintoci ƙafar ta lume ya kwanta. Guntun katako ko faffaɗan dutse a ƙarƙashinta yana raba nauyin.

Mantawa da ƙafar gefe a sauke sannan a kama hanya ya kayar da mahaya da yawa. Babur na tafiya lafiya har sai an zo kwanar hagu, inda ƙafar ke cakar ƙasa ta ɗaga shi. Wasu sababbin babura suna da na'urar da ke kashe inji idan aka sa giya ƙafar na ƙasa, amma da yawa daga cikin waɗanda ake haya da su ba su da ita. Sifirin ƙafar idan ya saki shi ma yakan bar ƙafar ta sauko da kanta a hanya mai gargada. Sifirin ba shi da tsada, kuma ɗaure ƙafar da roba ba ya maye gurbinsa.

Ƙafar tsakiya tana tsayar da babur a miƙe, ta ɗaga tayar baya daga ƙasa. Ita ake buƙata wajen auna baƙin mai, domin ma'auni ba ya faɗin gaskiya idan inji ya karkata. Ita ake buƙata wajen sa wa sarƙa mai, da ɗaure ta, da cire taya a wajen mai faci. Wajen shan mai ma ta fi, domin tanki na zaune daidai, ana ganin inda man ya kai. Sai dai tsakanin tafukanta biyu ba faɗi, don haka ba ta aminta sai a ƙasa mai tauri da lebur. Ɗora babur a kanta dabara ce, ba ƙarfin ƙugu ba. Mutum ya tsaya a hagu, hannun hagu a kan babur, na dama a ƙarfen kaya na baya, ya taka maratayin ƙafar har ya ji tafukan biyu sun taɓa ƙasa, sannan ya sake nauyin jikinsa a kai yana jan babur sama da baya. A sauke kaya tukuna, domin babur mai nauyin kilo 100 da ɗoriya idan aka ƙara masa buhu ya fi ƙarfin bayan mutum ɗaya. Wajen saukewa, a tabbatar ƙafar gefe na naɗe, a riƙe kai da hannu biyu, a tura gaba, yatsu na kan birki.

Lodi da zama su ne ke kashe ƙafar gefe. Ba a ƙera ta don ta ɗauki buhun shinkafa ko majalisar samari ba. Nauyi yana lanƙwasa ta, ya buɗa ramin kusarta, babur ya riƙa karkata fiye da ƙima har ranar da zai faɗi. Idan za a yi lodi, a yi a kan ƙafar tsakiya a ƙasa mai tauri, ko wani ya riƙe babur. Yara kuma a hana su hawa babur da aka kafe, domin ko bai faɗo musu ba, salansa na ƙona ƙwauri har bayan an kashe inji da daɗewa.

Inda batun mai da batun kafewa suka sake haɗuwa shi ne makwancin babur. Saboda tsoron ɓarayi, mutane da yawa na shigar da shi zaure ko ɗakin kwana. Babur mai kafireta yana da makunnin mai a ƙarƙashin tanki. Idan aka bar shi a buɗe, allurar kafireta kuma ta ci, mai zai yi ta ɗiga dare farai, tururinsa ya kwanta a ƙasan ɗaki, daidai inda ake ajiye maganin sauro na kunnawa da kaskon wuta lokacin sanyi. Rufe makunnin duk lokacin da za a daɗe a tsaye yana hana wannan, haka ma idan za a ɗora babur a jirgin ruwa don tsallaka kogi. Wuri mai iska, nesa da madafa, shi ne makwancin da ya dace.

Idan wuta ta kama duk da haka, ba a watsa mata ruwa, domin fetur na tasowa saman ruwa ya bazu da wutarsa. Yashi ko ƙasa ko tukunyar kashe gobara mai hoda su ne maganinta, kuma bokitin yashi bai fi ƙarfin kowane mai sayar da fetur ba. Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo ko tabarma mai kauri. A zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta na tsawon minti 20, ba ƙwai, ba manja, ba man goge baki, ba baƙin mai, sannan a garzaya asibiti. Man da ya malale daga tanka kuwa gudunsa ake yi. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu wajen kwasar mai, ya isa darasi.

Shugabannin ƙungiyoyin 'yan kabu-kabu, da masu gidajen mai, da masu sayarwa a kwalba, da jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, da masu unguwanni a Kende da sauran garuruwan Bagudo suna da ikon mayar da waɗannan ƙa'idoji al'ada. Mafi sauƙin farawa ita ce mai sayarwa ya ƙi zuba mai har sai an kashe inji, an kafe babur, kowa ya sauka.