Bangayen Yauri Sun Yi Gum

Yau ba labarin soyayya na kawo muku ba, faɗa na zo yi da masu zanen garinmu.

A shekarar 2020, da wani ɗan sanda farar fata ya danne wuyan George Floyd har ya mutu a Amurka, ba a yi mako ba sai ga fuskarsa zane a bangon kantin da aka kashe shi a gabansa. Haka hoton yaro Hector Pieterson da Sam Nzima ya ɗauka a Soweto a 1976 ya tona asirin mulkin wariyar launin fata. Ko wanda bai san baƙi ba, ya gani ya gane.

To mu fa? Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye gonaki da tsibirai, aka kwashe mutum sama da 40,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari, aka zuba su a gidajen da ba su suka zaɓi fasalinsu ba. Lantarki ya tafi birane, su aka bar su da asara. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ya kife kusa da Warra ta ƙasar Ngaski, rayuka masu yawa suka salwanta. Ku zagaya Yelwa, wane bango ne ya tuna da ɗaya cikin waɗannan? Sai zaki a bayan tirela, sai fuskar ɗan takara.

Wani zai ce ai mu duk baƙaƙe ne, ina wariya? Ashe bai taɓa jin yadda ɗan birni ke kiran Bakambare bagidaje a kasuwa ba. Raini raini ne, ko fata ɗaya ce.

Wani kuma zai kawo maganar hoton mai rai. Na ji, na kuma girmama. Amma kwalekwalen da babu kowa ciki yana da rai? Rumbun da ruwa ya kai wa wuya fa? Magina sun daɗe suna ƙawata bango da dagi, ba wanda ya ce uffan.

Ni marubuci ne, littafina sai mai kuɗi kuma mai karatu. Bango kuwa kyauta ne, har mai tallar kifi za ta tsaya ta duba. Masu fenti, ku tashi, kafin tsofaffin da suka san inda tsibiran suke su ƙare.